Ku Tambaya Mu Amsa: Manyan Had-Disk na Kwamfutar Tebur da Yadda Suke Aiki

Yawancin tambayoyin da suka shigo wannan karon a kan had-disk masu cin terabait 8 zuwa sama ne. Mun haɗe waɗanda suka yi kama da juna, mun kuma taƙaita masu tsawo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi had-disk an rubuta 8TB a jikinsa, amma da na haɗa, Windows ta nuna mini 7.27TB. Abokina kuwa nasa ma 2TB kawai ya fito, saura ya ƙi taɓuwa. Cutarmu aka yi ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kai ba a cuce ka ba, bambancin lissafi ne. Masu ƙera had-disk suna ƙirga terabait ɗaya a matsayin bait 1,000,000,000,000, ita kuwa Windows tana ƙirgawa da 1,024 a kowane mataki, don haka terabait ɗinta bait 1,099,511,627,776 ne. Raba bait tiriliyan 8 da wannan adadi, za ka ga 7.27 ɗinka. Haka na 4TB zai fito 3.63, na 12TB ya fito 10.9, na 16TB 14.5, na 20TB kuma 18.1. Ko bait ɗaya bai ɓata ba.

Matsalar abokinka daban ce. An shirya had-disk ɗinsa da tsohon tsarin rabo mai suna MBR, wanda ba ya iya ƙirga sekta, wato ƙananan gurabun da ake adana bayanai a ciki, fiye da biliyan 4.29, kowace sekta kuma bait 512. Idan ka ninka, a gigabait 2,048, wato 2TB, lissafin ya tsaya, duk abin da ya haura nan kuwa tsarin ba shi da lambar da zai kira shi da ita. Maganin shi ne a mayar da shi sabon tsarin rabo mai suna GPT. Ya kwashe duk abin da ke kai tukuna, domin aikin zai share komai. Sai ya buɗe Disk Management, ya goge rabe-raben da ke kan had-disk ɗin, ya danna ɓangaren dama na linzami a kan sunansa, ya zaɓi Convert to GPT Disk. Mai son amfani da diskpart, manhajar Windows da ake rubuta wa umarni, zai rubuta list disk, sannan select disk tare da lambar had-disk ɗin, sannan clean, sannan convert gpt. A duba lambar nan sau biyu kafin a rubuta clean, don umarnin ba ya tambayar ko ka tabbata.

Idan ta akwatin USB ya haɗa shi, ya san cewa wasu tsofaffin akwatuna su ma a 2TB suke tsayawa, komai tsarin da aka yi wa had-disk ɗin. Kuma in yana son kwamfuta ta riƙa tashi daga kansa, dole madabod ɗin, wato babban allon kwamfuta, ya kasance mai UEFI, sabon tsarin tayar da kwamfuta.

Tambaya: Ranku ya daɗe, sana'ata tace bidiyo. Na bar had-disk mai 1TB na koma mai 16TB, 7200 RPM, ina tsammanin gudun zai ninka yadda girman ya ninka. A kwali an rubuta SATA 6Gb/s, amma 250MB a sakan nake samu, da ya kusa cika ya koma 130. Idan ina kwafar ƙananan fayiloli kuma ko 2MB ba ya kaiwa. Lafiyarsa ƙalau kuwa?

Amsa: Lafiyarsa ƙalau, Malam, adadin da ka kawo ma daidai yake da abin da ake tsammani. Wancan 6Gb/s faɗin hanya ne, wato iyakar abin da wayar SATA za ta iya ɗauka, kusan 550MB a sakan a aikace. Babu had-disk mai hannu ɗaya da ke cika wannan hanya. Abin da ke yanke gudu yana cikin akwatin: farantai masu juyawa, da allurar da ke shawagi a kansu tana karatu da rubutu.

Girman had-disk yana ƙaruwa ta hanya uku. Ana matse bayanai a tsawon layi, ana matse layukan kusa da juna, ana kuma ƙara yawan farantai. A cikin ukun nan, na farko ne kaɗai ke ƙara gudu, domin allura ɗaya ce ke aiki a lokaci guda, kuma layi ɗaya take bi. Ko farantai goma ne a ciki, ba a karanta su tare. Shi ya sa had-disk mai 1TB na farko, Deskstar 7K1000 da Hitachi ya fitar a 2007 da farantai biyar, bai kai 100MB a sakan ba, na yau mai 20TB kuma yana wajen 270 zuwa 285. Girma ya ninka sau 20, gudu kuwa wajen ninki uku kawai. Abin da wannan ke nufi a wurinka shi ne duk aikin da ya shafi had-disk ɗin gaba ɗaya ya ƙara tsawo. Cika 16TB a matsakaicin 200MB a sakan zai ci sakan 80,000, wato awa 22 da ɗoriya, in ba a tsaya ko sau ɗaya ba.

Raguwar da ka gani daga 250 zuwa 130 kuwa, daga siffar faranti ce. Juyawarsa ɗaya ce ko'ina, amma layin da ke bakin faranti ya kusa ninka na can ciki tsawo, don haka a juyi ɗaya bayanan da ke wucewa ƙarƙashin allura sun kusa ninki biyu. Had-disk daga bakin faranti yake fara cika yana gangarawa ciki. Kana iya cin moriyar wannan: ka raba shi biyu, rabon farko kamar kashi ɗaya cikin uku don aikin da ke hannunka, na biyu don abin da aka gama aka ajiye. Rabon farko ne ke samun bakin faranti.

Batun ƙananan fayiloli shi ne inda had-disk ya fi rauni, kuma girma bai taimaka da komai ba. A 7200 RPM, wato juyi 7200 a minti, juyi ɗaya yana cin milisakan 8.33, don haka a matsakaici allura tana jiran rabin juyi, milisakan 4.17, kafin wurin da take nema ya iso. Kafin wannan sai hannu ya kai ta layin, wanda ke cin wajen milisakan 8 zuwa 9. Jimla kusan 12 zuwa 13, wato kimanin wurare 80 daban-daban a sakan. Idan kowane wuri kilobait 4 ne, ka samu kilobait 320 a sakan ke nan. Dabarar NCQ, wadda ke jera buƙatu don rage kai-komon hannu, tana ɗaga adadin zuwa ɗari da wani abu. SSD kuwa, ma'ajiyar da ba ta da faranti, dubun dubata yake yi a sakan, tunda babu abin da ke motsi a cikinsa. Mai 5400 RPM ya fi jinkiri kaɗan, jiransa milisakan 5.56 ne.

Shawararmu gare ka: Windows, manhajar tacewa da fayilolinta na wucin gadi su zauna a SSD, ɗanyen bidiyo da ayyukan da aka kammala su koma babban had-disk. Kada ka kwafi folda biyu zuwa kansa a lokaci guda, domin hannun zai riƙa tsalle tsakanin wurare biyu, jimlar gudun ta faɗi ƙasa da na kwafi ɗaya. Dubban ƙananan fayilolin da ba ka buɗewa kullum, ka dunƙule su cikin fayil ɗin ZIP ɗaya kafin ka tura. Shi kuma cache ɗin da ake tallatawa, wato ƙaramar ma'ajiyar wucin gadi mai sauri da ke cikin had-disk, 256MB ko 512MB, kada ya ruɗe ka. Sakan ɗaya ko biyu na kwafi ya cika shi, daga nan gudun faranti ne ya rage maka. Akwai had-disk masu hannu biyu, irin Exos Mach.2 na Seagate da ke haura 500MB a sakan, amma don manyan cibiyoyin ajiyar bayanai aka yi su.

Tambaya: Malamai barkanku da aiki. Ni nawa 6TB ne. Idan na fara kwafi yana tafiya 170MB, bayan wani lokaci ya faɗo 20, wani sa'in ma sifili, sai ya farfaɗo. Ko na gama kwafin ina jin yana ta aiki shi kaɗai. An ce mini wai SMR ne. Mene ne shi, kuma ana gyarawa?

Amsa: Barka kadai, Malama. Alamomin da kika lissafa duk na SMR ne, kuma ba lalacewa ba ce, ƙira ce, don haka babu gyara.

Allurar rubutu ta fi ta karatu faɗi. A tsarin da aka saba, CMR, kowane layi yana da filinsa daidai faɗin allurar rubutu, ana iya sake rubuta shi ba tare da taɓa na kusa ba. A SMR, wanda Seagate ya fara fitarwa a 2013, ana ɗora bakin kowane layi a kan na baya, kamar yadda ake jera kwanon rufi, a bar siririn wuri da ya ishi allurar karatu. Ribar ita ce ƙarin wurin ajiya kamar kashi 10 zuwa 25 cikin 100 a faranti ɗaya. Asarar kuma, ba a iya canza layi ɗaya a tsakiya sai an ɓata na bayansa. Don haka aka kasa farantin yanki-yanki, galibi 256MB kowanne, kuma gyara ƙaramin abu a cikin yanki yana iya jawo a karanta yankin, a sake rubuta shi.

Don ɓoye wannan wahala, had-disk ɗin yana da wani fili na CMR da yake fara zuba sabon rubutu a ciki, sai in ya sami sarari ya kwashe zuwa yankunan SMR. Muddin filin bai cika ba, gudu lafiya lau. Da ya cika, dole ya riƙa kwashewa yana karɓar sabo a lokaci guda, nan ne kike ganin 20MB da sifili. Aikin da kike ji yana yi bayan kin gama kuwa, kwashewar ce. Ki bar kwamfutar a kunne ya gama, in ba haka ba kwafi na gaba zai tarar da filin a cike tun daga farko.

A watan Afrilun 2020 aka yi ta ce-ce-ku-ce bayan an gano cewa WD Red masu 2TB zuwa 6TB, waɗanda lambarsu ta ƙare da EFAX, SMR ne ba tare da an bayyana ba. Daga baya kamfanonin uku da suka rage a wannan sana'a, Western Digital, Seagate da Toshiba, duk suka fitar da jerin waɗanda suke SMR, Western Digital kuma ya ware sunan Red Plus ga masu CMR. A cikin na tebur, BarraCuda ST2000DM008, ST4000DM004 da ST8000DM004 SMR ne, haka WD Blue WD20EZAZ da WD60EZAZ, da Toshiba P300 masu 4TB da 6TB. Abin mamakin shi ne tarkon ya fi yawa a tsakanin 2TB da 8TB. Waɗanda ake sayar wa jama'a daga 10TB zuwa sama galibinsu CMR ne. Manyan SMR na cibiyoyin bayanai wani nau'i ne da sai manhaja ta musamman ke sarrafa su, ba sa aiki a Windows ta gida, kada a saye su ko an gan su a kasuwar na hannu.

Hanyar tabbatarwa ita ce a ɗauki cikakkiyar lambar samfur daga jikin had-disk a duba takardar bayanan kamfanin. Sunan da ke kwali bai isa ba. Idan manhajar CrystalDiskInfo ta nuna had-disk mai faranti yana da TRIM, wato umarnin da ke sanar da shi wuraren da aka goge, wannan ma alama ce mai ƙarfi.

Kada ki jefar da naki. Ga ajiyar fina-finai, hotuna da kwafin ko-ta-kwana, abin da ake rubutawa sau ɗaya a yi ta karantawa, SMR ba shi da laifi, karatunsa daidai yake da na CMR. Inda bai dace ba shi ne ɗora Windows a kansa, naɗar kyamarorin tsaro dare da rana, da kuma RAID, wato haɗa had-disk da yawa su yi aiki kamar ɗaya, inda jinkirinsa kan sa na'ura ta ɗauka ya mutu ta fitar da shi daga sahu ana tsakiyar sake gini. Ki kuma bar masa kamar kashi 15 zuwa 20 cikin 100 babu komai, yana rage masa wahalar kwashe-kwashe.

Tambaya: Na ciro had-disk mai 14TB daga akwatinsa na USB don in sa a cikin kwamfuta. A akwatin yana aiki, a cikin kwamfuta ko motsi ba ya yi. Na ƙona shi ne?

Amsa: Da wuya. Mayar da shi akwatin, in ya tashi to matsalar ƙafa ta uku ce. Mahaɗin wuta na SATA yana da ƙafa 15, uku na farko a da duk na bolt 3.3 ne. A ƙa'idar SATA 3.3 ta 2016, an mayar da ƙafa ta uku makunnin kashe had-disk daga nesa: muddin akwai wuta a kanta, had-disk ba zai tashi ba. Tsofaffin akwatunan wuta na kwamfuta kuwa kullum suna tura bolt 3.3 zuwa wannan ƙafa, sai ya zamana suna riƙe da shi a kashe.

Ka kashe kwamfuta, ka zare ta daga soket. A jikin had-disk, ƙirga ƙafafun mahaɗin wuta daga gefen da ke kusa da ƙaramin mahaɗin bayanai. Yanko siririn tef ɗin Kapton, mai jure zafi, ka rufe ta uku. In ya yi maka wuya ka rufe ukun farko duka, had-disk mai inci 3.5 da bolt 5 da bolt 12 kawai yake aiki. Wata hanyar ita ce amfani da wayar da ke juya Molex, tsohon mahaɗin wuta mai ƙafa huɗu, zuwa SATA, tunda ba ta ɗauke da bolt 3.3, amma ka nemi wadda aka matse wayoyinta a cikin mahaɗi. Masu narkakken roba marasa inganci sun yi ƙaurin suna wajen kamawa da wuta.

Tunda muna kan wuta: had-disk yana cin wat 5 zuwa 9 yana aiki, amma a sakannin farko na tashi yana iya jan kusan amfiya 2 a layin bolt 12. Guda shida su tashi tare, wat 140 da wani abu ke nan a lokaci guda. Idan kana jin yana fara juyawa ya tsaya, ya sake farawa, to wuta ce ba ta isa ba, ko an jera da yawa a kan waya ɗaya. Kada a wuce uku ko huɗu. Kuma in akwatin wutarka irin mai cire waya ne, kada ka taɓa sa masa wayar wani akwatin ko da bakin ya shiga daidai. Jerin ƙafafun ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, bolt 12 ya shiga inda 5 ya kamata, allon had-disk ya ƙone nan take.

Za ka kuma lura cewa manyan had-disk da yawa ba su da ramin sukuru na tsakiya a gefe, na ƙasa ma an matsar da su, saboda farantai sun cinye wurin. Yi amfani da gajerun sukuru 6-32, huɗu, a ɗaure sosai. Ka sani kuma ciro shi daga akwati kan iya soke garantinsa.

Tambaya: Wanne ya fi dacewa da kwamfutar tebur: na tebur, na NAS, ko na manyan kamfanoni irin Exos da Ultrastar? Kuma iskar hiliyam ɗin nan ba ta tsiyayewa?

Amsa: Dubi abin da kamfanonin suka rubuta da kansu. Na tebur an ƙayyade masa aikin kusan 55TB a shekara, karatu da rubutu a haɗe, garanti shekara 2, BarraCuda ma awa 2,400 a kunne a shekara aka lissafa masa. Na NAS, wato akwatin ajiyar da kwamfutoci ke shiga ta netwok, irin IronWolf, Red Plus da N300, 180TB a shekara, dare da rana, garanti shekara 3. Na manyan kamfanoni 550TB a shekara, garanti shekara 5. Lura da cewa karanta had-disk mai 16TB gaba ɗaya sau huɗu kacal ya haura 55TB.

Akwai bambanci biyu da ba a gani a kwali. Na NAS da na kamfanoni suna daina ƙoƙarin karanta sekta mai matsala bayan kimanin sakan 7, su bar wa RAID ta ɗauko daga ɗan'uwansu, na tebur kuwa yana iya nacewa har kwamfuta ta daskare. Sannan manyansu suna da na'urar jin girgiza da ke gyara zaman allura idan maƙwabtansu suna kaɗa akwati. Idan had-disk ɗaya ko biyu ne a kwamfutarka, wannan bai dame ka ba sosai.

A ganinmu, daga 8TB zuwa sama na NAS ne ya fi dacewa da yawancin mutane: CMR ne, kuma bai cika ƙara ba. Na kamfanoni ya fi ƙarfi da gudu, amma ba a yi shi don ɗakin kwana ba. Idan yana neman fayil za ka ji shi ta cikin tebur, wasu ma suna yin ɗan ƙwanƙwasa duk bayan 'yan sakanni ko ba a aiki, wanda ba alamar lalacewa ba ce. Ita kuma awa miliyan 2.5 da ake rubutawa a matsayin MTBF, wato matsakaicin lokaci kafin lalacewa, ba tana nufin naka zai shekara 285 ba ne. Lissafin taro ne: a cikin guda 1,000, ana sa ran uku ko huɗu su mutu a shekara.

Hiliyam kuwa, nauyinsa kashi ɗaya cikin bakwai na iska ne, don haka farantai ba sa fuskantar turjiya da kaɗawa sosai, ana iya sirantar da su a ƙara yawansu. Kamfanin HGST ne ya fara a 2013 da mai 6TB, farantai bakwai. Yau ana sa 10, wasu 11, a akwati mai kauri ɗaya, milimita 26.1. An like akwatin da walda ta leza, kuma shekaru sama da goma da aka yi ana amfani da su sun nuna tsiyaya ba ita ce ke yawan kashe su ba. A na Western Digital da HGST, lamba 22 a jadawalin SMART, wato bayanan lafiyar da had-disk ke adanawa game da kansa, tana nuna matakin hiliyam, daga 100 take farawa. Sabon mataki shi ne HAMR, inda leza ke ɗumama ɗigon da za a rubuta, da shi Seagate ya sanar da masu 30TB a farkon 2024. Shi ma girma ya ƙara, gudun yana nan kusa da inda yake.

Tambaya: Yaya zan gwada sabon had-disk kafin in zuba masa kayana? Kuma yaya zan gane ba tsoho aka goge aka sayar mini ba?

Amsa: Madalla da wannan tambaya, Malam, domin had-disk da ya sha jifa a hanya yakan nuna halinsa ne a makonnin farko, lokacin da ake iya mayar da shi.

Fara da CrystalDiskInfo ko smartctl. Lamba 9, awannin da ya yi a kunne, ta kasance sifili ko kusa da haka. Sannan ka yi masa cikakken fomatin, wato ka cire alamar Quick Format. Tun daga Windows Vista cikakken fomatin yana rubuta sifili a kowace sekta, don haka duk wadda ke da rauni za ta bayyana. Mai 16TB zai ci kusan kwana guda, ka hana kwamfuta yin barci. Bayan nan ka sa gwajin SMART mai tsawo, da SeaTools ko da umarnin smartctl -t long, wanda ke karanta farantin gaba ɗaya, shi ma kusan kwana guda. Sai ka sake duba jadawalin.

Lambobi biyar ne kamfanin Backblaze, mai riƙe da had-disk dubu ɗaruruwa, ya fi sa wa ido: 5, sektocin da aka sauya da na ajiya, 187, karatun da ya gagara gyaruwa, 188, umarnin da lokacinsa ya ƙare ba amsa, 197, sektocin da ake shakka a kansu, da 198, waɗanda suka gagara. A sabon had-disk, 5, 187, 197 da 198 dole su zama sifili a ɗanyen adadinsu. Ko 1 ka gani, mayar da shi. Binciken da injiniyoyin Google suka wallafa a 2007 ya nuna cewa had-disk da aka samu kuskuren farko a saman farantinsa ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har sau 39.

Lamba 199 tana ruɗa mutane. Idan tana hawa, laifin wayar SATA ne ko mahaɗinta, canza waya. Adadin ba ya komawa sifili, abin dubawa shi ne ya daina ƙaruwa. A na Seagate kuma, lamba 1 da 7 suna nuna miliyoyi tun yana sabo, haka suke ƙirgawa, ba matsala ba ce.

Game da tsoho, ana iya goge awannin SMART. A farkon 2025 an sami rahotanni da yawa na had-disk ɗin Exos da aka yi shekaru ana amfani da su, wasu 'yan kasuwa suka goge suka sayar a matsayin sababbi. Abin da ya tona asirin shi ne wani kundin daban mai suna FARM, wanda smartctl daga siga ta 7.4 ke karantawa da umarnin -l farm. In awannin FARM sun saɓa da na SMART, ka san abin da aka yi. Ka kuma shigar da lambar siriyal a shafin garantin kamfanin ka ga ranar da zai ƙare, ka gwada da ranar ƙira da ke jikin takardar.

Tambaya: In sayi guda ɗaya mai 20TB ko biyu masu 10TB in haɗa su RAID?

Amsa: Ya danganta da wace RAID. RAID 0 tana raba kowane fayil tsakanin biyun, za ka sami 20TB da kusan ninkin gudu, amma ɗaya ya mutu komai ya tafi. RAID 1 tana rubuta abu ɗaya a duka biyun, 10TB kawai za ka samu, ɗaya ya mutu aiki ya ci gaba. Sai dai abin da ka goge bisa kuskure, ko ƙwayar cutar da ke kulle fayiloli ta kulle, a duka biyun zai faru a sakan ɗaya. Tartsatsin wuta ma ba ya zaɓe.

RAID 5 da manyan had-disk na tebur ba ma ba da shawararta. Takardarsu tana cewa karatu zai iya gagara sau ɗaya a cikin bit tiriliyan 100, wato 12.5TB, na kamfanoni kuma sau ɗaya a 125TB. Wannan iyaka ce ta sama, a aikace sun fi haka kyau, amma sake gina RAID 5 yana buƙatar karanta duk sauran had-disk daga farko har ƙarshe, kwana ɗaya ko biyu suna aiki ba hutu, kuma galibi sa'annin juna ne da suka tsufa tare.

In tambayar ta ajiya ce, ka sayi biyu, ɗaya a cikin kwamfuta, ɗaya a akwatin USB 3.0 da kake haɗawa don kwafi ka cire. Abin da ba a iya sake samu, a yi masa kwafi na uku a wani gini daban ko a intanet. Ka tabbata ramin USB 3.0 ka sa, na 2.0 bai wuce 35 zuwa 40MB a sakan ba, 10TB zai ci maka kusan kwana uku.

Tambaya: Had-disk ɗina yana kai digiri 52, kuma idan na daɗe ban buɗe shi ba sai kwamfuta ta tsaya kamar sakan 10 kafin folda ta buɗe.

Amsa: Tsayawar daga barci ne. Windows tana kashe juyawar had-disk bayan minti 20 babu aiki, mai farantai tara ko goma kuwa yana buƙatar sakan 10 zuwa 20 kafin ya kai cikakken gudu. Shiga Power Options, sannan Change plan settings, sannan Change advanced power settings, a ƙarƙashin Hard disk ka mayar da adadin 0 in ba ka son ya kwanta sam, ko 120 in kana son ya huta da dare.

Digiri 52 bai haura iyaka ba, yawanci 60 aka rubuta, amma ya yi kusa da ita ga abin da ke kunne kullum. Ka nemi tsakanin 30 da 45. Fanka ɗaya mai milimita 120 a gaban kejin had-disk, tana shigo da iska tana bi ta kansa, takan sauke digiri da dama. Bar gurbi ɗaya babu komai tsakanin kowane biyu, ka share ƙurar ragar gaba, ka kawar da wayoyin da suka tare hanya. A kwance ko a tsaye duk ɗaya ne wurinsa, in dai an ɗaure shi, amma kada ka ɗaga ko ka ja kwamfutar yana juyawa, domin tazarar allura da faranti 'yan nanomita ce kawai. Ka auna zafin ana tsakiyar dogon kwafi, lamba 194 a SMART, don a nan ne yake kai ƙololuwarsa.